Ƙatuwar Taya A Tsohuwar A-Kori-Kura: Riba Ce Ko Asara?

Duk wanda ya yi sammako ya leƙa kasuwar Mil 12 a birnin Ikko, ko Bodija a Badun, ko bakin gada a Anacha, zai tarar da manyan motocin da suka kwana bisa hanya daga Arewa suna sauke tumatir da albasa da attaruhu da wake. A gefensu kuwa ga ƙananan motocin a-kori-kura sun yi layi suna jiran nasu rabon. Su ne ke kwasar kayan nan su rarraba cikin unguwanni da ƙananan kasuwanni, su ne ke shiga ƙauyukan Shagamu da Ondo su ɗauko goro, su ne kuma ke jigilar raguna daga Alaba Rago idan Babbar Salla ta ƙarato. Da yawa daga cikin masu motocin nan da direbobinsu 'yan Arewa ne mazauna Kurmi, waɗanda motar ita ce gonarsu, ita ce kuma rumfarsu. Da ita ake biyan kuɗin haya a nan, da ita ake aika na cefane gida.

Galibin motocin sun kwana biyu a duniya. Akwai Peugeot 404 da 504, sunan da ya zama ruwan dare a ƙasar nan tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Ita 504 ɗin ma an daina harhaɗa ta a Nijeriya tun 2006. Akwai tsofaffin Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1968, ga kuma Datsun da ƙannenta masu sunan Nissan. Waɗansunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

To, akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu irin waɗannan motoci, watau cire wili da tayar da mota ta zo da su, a saka mata waɗanda suka fi su girma. Mutum zai je Ladipo a Mushin, ko Nkpor kusa da Anacha, ya sayo wili huɗu da aka ciro daga wata jif, ya kai wa mai faci a ɗaura musu manyan tayoyi. Kafin la'asar mota ta miƙe tsaye kamar ingarma, abokai a tasha suna ta yaba ta. Abin tambaya shi ne, me aka samu, me kuma aka bayar?

ABIN DA YA SA AKE YI

Ba don banza mutane ke kashe wannan kuɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Damina a Kurmi doguwa ce, kuma idan ruwa ya sauka hanyoyin ƙauye sukan zama caɓi, na cikin gari kuwa ruwa ya rufe ramukansu har direba bai san inda zai jefa ƙafa ba. Motar da aka yi wa lodi takan zauna, cikinta ya riƙa gugar ƙasa, tukunyar salansa ta fashe, wani lokaci dutse ya huda tankin mai. Wanda ya taɓa kwana cikin daji da kwandunan tumatir suna ruɓewa a bayansa don mota ta kafe, ba wanda zai zarge shi idan ya nemi abin da zai ɗaga ta sama.

Dalili na biyu shi ne kasuwa. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Kasuwar taya ta dogara ƙwarai ga abin da aka shigo da shi daga waje, masu shigowa kuwa sun fi kawo irin girman da motocin zamani ke sakawa. Saboda haka mai tsohuwar mota kan ga tayar inci 16 ta fi sauƙin samu a gwanjo bisa ga tasa ta asali.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi kowanne haɗari. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan taya ta ƙara girma, mota za ta iya ɗaukar kaya fiye da na da. Wannan zato ne ya kamata a warware, domin ya ci dukiya, ya kuma ci rayuka.

KARATUN GEFEN TAYA

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a rubuce a gefenta. A ɗauki misalin tayar da ake yawan gani a tsofaffin a-kori-kura, wadda aka rubuta wa 195R14C 106/104. Lamba 195 faɗin tayar ke nan da milimita. Lamba 14 girman wilin da za ta hau ne da inci. Harafin C kuwa alama ce cewa an ƙera ta domin motocin ɗaukar kaya, gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota kauri da ƙarfi. Waɗansu kamfanoni sukan rubuta LT a maimakon haka. Sau da yawa za a ga an ƙara da 8PR, watau tana da ƙarfin ninki takwas.

Lamba 106 ita ce uwa-uba, domin ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Akwai jadawalin da duk masu ƙera taya suka yarda da shi: 98 na nufin kilo 750, 100 kilo 800, 102 kilo 850, 106 kilo 950, 110 kuwa kilo 1,060. Lamba ta biyu, watau 104, ta motar da ake jera wa tayoyi biyu a gefe ɗaya ce, ba ta shafi a-kori-kura mai taya huɗu ba.

Tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa samanta kimanin santimita 67 ne. Idan aka cire ta aka saka 205R16C, irin wadda Hilux mai jan ƙafa huɗu ke sakawa, tsayin ya koma kimanin santimita 73. An sami ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 ke nan. Da wannan misali za a auna riba da asara.

YATSU BIYU KAƊAI

Abin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba shi ne, mota ba ta kan saman taya take zaune ba, a tsakiyarta take rataye. Saboda haka idan taya ta ƙara tsayi da milimita 66, rabin wannan kaɗai ne ke ƙasan aksul. Abin da motar ta ɗagu da shi milimita 33 ne, watau faɗin yatsu biyu na babban mutum. Ragowar rabin yana sama, yana cin wurin da ke tsakanin taya da madigadi.

Yatsu biyun nan ba a raina su ba. Wannan dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul na baya, shi ne ya fi kome kusa da ƙasa, kuma ba abin da ke ɗaga shi sai tsayin taya. Ko an ƙara ganyen sifirin goma, bodi ne kawai zai tashi, tulun yana nan inda yake. Amma fa mai mota ya san abin da ya saya ke nan, yatsu biyu. Ramin da ya kai gwiwa yana nan yana jiransa.

GUMIN INJIN DA ƘARYAR MALEJI

Kowane makanike ya san dabarar nan: idan noti ya ƙi kuncewa, sai a zura bututun ƙarfe a hannun sifana a ƙara mata tsawo, nan da nan notin ya saki. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wili da kwalta kamar hannun sifanar nan ne, sai dai a nan hanya ce ke riƙe da dogon hannun, injin kuwa shi ne a wurin noti. Duk tsawon da aka ƙara, an ƙara wa hanya ƙarfi ne a kan injin. A misalin da aka kawo, ƙarfin jan mota a kowace giya ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100.

Sabuwar mota mai ƙaton injin ba za ta damu da wannan ba. Amma injin da ya shekara 30 yana aiki, wanda aka riga aka yi wa garambawul sau biyu ko uku, nan take zai nuna. Tashi da lodi zai zama sai an daɗe ana riƙe da kuloci, kuloci kuwa da zafin gugar nan yake ƙonewa. Hawan da a da ake yi da giya uku sai an sauko biyu. A cunkoson Ikko, inda mota ke tashi ta tsaya sau ɗari kafin ta kai Oshodi, kowane tashi ƙarin mai ne. Gaskiya ne cewa a miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, ba kaya, injin zai ɗan rage kuka. Sai dai motar ɗan kasuwa sau nawa take tafiya haka? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babu direban da ke wasa da lita ɗaya.

Sa'an nan ga maleji. Shi maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an sauya ta ba. Tsohuwar tayar tana cin mita 2 da santimita 10 a kowane juyi, sabuwar kuwa mita 2 da santimita 31. Saboda haka idan allura ta nuna 80, motar tana gudun 88 ne. Idan ta nuna 100, tana 110. Direba yana zaune hankalinsa kwance a kan babbar hanyar Ikko zuwa Badun, alhali ya wuce inda yake zato. Haka kuma duk kilomita 100 da aka yi, 91 kaɗai za a gani a rubuce, watau wanda ke bin maleji wajen juye baƙin mai zai riƙa makara bai sani ba.

BIRKI

Abin da ya sami injin shi ne ya sami birki, kuma a nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Birki a kusa da tsakiyar wili yake kamawa. Dogon hannun da aka ba hanya yana aiki a kansa shi ma, saboda haka da irin takun da direba ya saba yi, ƙarfin tsayar da mota ya ragu da wannan kashi 9 ɗin. A haɗa da cewa motar tana gudu fiye da yadda allura ta nuna, ga shi kuma sabon wili da tayarsa sun fi na da nauyi, abu mai nauyi kuwa idan yana juyawa ba ya son tsayawa. Abu uku ke nan suka taru a kan ledar birki guda.

Tsofaffin a-kori-kura birkinsu na baya irin na ganga ne, waɗansu ma gaba da baya duk ganga ne, kuma ba su da na'urar zamani da ke hana taya ƙullewa. Birkin ganga idan ya yi zafi yakan yi sanyin kamu. Wanda ya san gangaren Ugwu Onyeama a bakin Inugu, ko hawa da saukar ƙasar Ekiti da Okene, ya san abin da ake nufi da a taka birki a ji shi kamar an taka soso. Tazarar taku biyar ko shida ita ce ke raba wanda ya tsaya da wanda ya shiga ƙarƙashin tirela.

Har wa yau, motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa. Yatsu biyu na taya, a ƙara da ganyen sifirin da aka cusa don kada taya ta gugi bodi, a ɗora kwanduna hawa huɗu, sa'an nan yaran mota biyu su hau can ƙoli: nauyin duka ya koma sama. Kwana ɗaya mai kaifi, ko kaucewa ɗan acaɓa, ya isa.

GIRMA BA SHI NE ƘARFI BA

Yanzu a koma ga zaton nan na cewa ƙatuwar taya tana ƙara wa mota ɗaukar kaya. A ɗauki taya mai lamba 215/65R16 98, wadda ƙananan jif da yawa ke sakawa, wadda kuma ta cika kasuwar gwanjo. Ta fi 195R14C faɗi da santimita 2, ta fi ta tsayi da kusan santimita 2, a ido kowa zai ce ita ce babba. Amma lambar nauyinta 98 ce, watau kilo 750, alhali ƙaramar tana ɗaukar kilo 950. Tayoyi biyu na baya, inda nauyin kaya ke sauka, sun tashi daga kilo 1,900 sun koma 1,500. An yi asarar kilo 400, daidai da buhun shinkafa 8 masu kilo 50. Mai motar kuwa, da yake ya ga taya ta yi girma, sai ya ƙara buhu biyar a kan abin da ya saba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba nan take take fashewa ba. Gefenta ne ke lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, lanƙwasar nan tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin da ke cikinta. Sai an yi nisa, rana ta take, kwalta ta yi zafi, mota tana cikin gudu, sa'an nan a ji ƙara kamar ta bindiga. Shi ya sa direba kan rantse cewa da safe ya duba ta lafiyarta ƙalau.

Ko da ma an dace an sami ƙatuwar taya mai harafin C da babbar lamba, taya kaɗai aka sauya. Aksul na nan yadda yake, boris na nan, sifirin da shasi da birki duk na nan yadda maƙera suka auna su. Galibin motocin nan an yi su ne domin kaya kimanin tan ɗaya, watau buhu 20 na siminti, waɗansu ma ba su kai haka ba. Ko an sa wa jaki kofaton doki, gadon bayansa na jaki ne.

WILI DA RAMUKANSA

Shi kansa wilin yana da nasa sharuɗɗa, kuma a nan ne ake yawan yin aikin ganganci. Na farko, yawan ramukan noti bai isa shaida ba. Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa biyu tana da ƙusa 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, mai jan ƙafa huɗu kuwa ƙusa 6 a kan milimita 139.7. Wilin Mercedes shi ma rami 5 gare shi, amma a kan milimita 112. Bambancin bai kai milimita 3 ba, ido ba ya ganinsa, kuma idan aka matsa wilin zai shiga. Sai dai notin ba zai zauna daidai ba, ƙusoshin za su riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan har ranar da za su karye. Duk wanda ya ce a kawo zarto ko wutar walda a faɗaɗa rami, to, a karɓi wili a bar masa shagonsa.

Na biyu, ramin tsakiya ya dace da kan aksul, bakin noti kuma ya dace da mazauninsa, domin wani noti bakinsa a tsuke yake, wani a shimfiɗe. Wilin aloyi ya fi na ƙarfe kauri, saboda haka ƙusa takan gajarta, noti ya kama zare uku ko huɗu kawai. Ƙa'ida ita ce tsawon zaren da noti ya kama kada ya gaza kaurin ita ƙusar.

Na uku shi ne zurfin wili. Wani wilin yana tura taya waje, wani yana jawo ta ciki. Idan ta shiga ciki da yawa za ta gugi sifirin ko tiyon man birki. Idan ta fito waje, boris ne zai sha wahala. Mai ga-ruwa ya san bambancin ɗaukar garwa a jikinsa da ɗaukarta da miƙaƙƙen hannu: ruwan ɗaya ne, amma kafaɗa ta san ba ɗaya ba ne. Haka boris yake ji idan aka nisanta taya daga gare shi, ko da wili ne ko da faifan ƙarfen nan da ake sakawa a bayan wili. Boris na baya idan ya watse da lodi, a waɗansu motocin wili da sandar aksul tare suke ficewa.

Akwai kuma masu saka babban wilin aloyi da siririyar taya domin ado. Wannan na motar zuwa biki ne. Kaurin gefen taya shi ne matashin da ke shanye dukan rami. Idan aka rage shi, dukan yana sauka a kan wili da shokozoba. Wilin ƙarfe idan ya lotsa ana buga shi ya miƙe, na aloyi kuwa tsagewa yake yi.

Faɗi ma ba kullum yake taimako ba. Faffaɗar taya tana sa sitiyari nauyi a motar da ba ta da na'urar sauƙaƙa shi, ta fi kuma saurin hawa kan ruwan da ya kwanta a kwalta har sitiyari ya daina jin magana. A cikin taɓo, doguwa siririya takan yanka ta sami ƙasa mai ƙarfi. Shi ya sa tsofaffin Land Rover da suka yi aikin daji suke saka 7.50-16, doguwa marar faɗi.

TAYAR GWANJO

Yawancin manyan tayoyin da ake ɗaura wa motocin nan na hannu ne, ko da yake tayar da aka riga aka yi amfani da ita tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Araha ba ta ado. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma shekarunta a rubuce suke. A nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, a bi lambobin har ƙarshe, za a ga guda huɗu a cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lamba uku ce kawai, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da sauran amfani sai a ɗaure ta a bakin rijiya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma jami'anta sukan duba wannan lamba a bakin hanya.

A kuma lura da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce domin sanyi, zafin kwaltar ƙasar nan kuwa cinye ta yake yi da wuri.

IDAN BA MAKAWA

Duk wannan ba ya nufin haramun ne a taɓa tayar mota. Abin da ake nema shi ne a yi da awo. Masu sana'ar taya suna da ƙa'idar da suka daɗe suna bi, cewa kada sabuwar taya ta wuce ta asali tsayi da fiye da kashi 3 cikin 100. Ga taya mai santimita 67, santimita 2 ke nan. Wanda motarsa ta zo da 185R14C mai lamba 102, idan ya koma 195R14C mai lamba 106, yana cikin ƙa'ida, galibi bai bukaci sabon wili ba, kuma kowace taya ta sami rarar kilo 100. Wannan rara ta kwanciyar hankali ce, ba ta ƙarin buhu ba.

Girman tayar asali da iskar da ta dace galibi suna rubuce a wani ɗan allo a jikin ƙofar direba, ko a littafin motar. Idan duk sun ɓace, a tambayi tsohon makaniken da ya san irin motar. Wajen saye kuwa a tafi da igiya, a zagaya tsohuwar taya da ita, a zagaya sabuwar. Idan zagayen tsohuwar mita 2 da santimita 10 ne, kada na sabuwar ya wuce shi da fiye da santimita 6. Lambar nauyi kuma kada ta gaza ta asali ko da ɗaya.

Kafin a biya kuɗi a ɗaura guda ɗaya a gaba, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa a ga ko tana taɓa wani abu. Sa'an nan a yi wa motar lodin da ta saba ɗauka, a bi da ita ta gargada, a dawo a duba cikin madigadi. Duk inda aka ga ƙarfe ya yi sheƙi, taya ce ta goge shi, kuma ƙarfen da taya ke goga wata rana shi zai yanka ta.

Tayoyi biyu da ke kan aksul ɗaya dole su zama girma ɗaya, iri ɗaya. A motar da ke jan ƙafa huɗu kuwa, duk huɗun. A tuna da safaya: wanda ya sayi huɗu ya bar tsohuwar ƙarama a ƙarƙashin bodi, ranar da ya yi faci zai tafi da mota a karkace, haƙoran cikin tulun aksul suna ta aikin da ba nasu ba. A gwada jak ma a gani ko yana iya ɗaga motar yadda sabuwar taya za ta fita.

Nauyin da aka rubuta a gefen taya ba ya tabbata sai da cikakkiyar iska. A irin tayar nan mai ninki takwas galibi za a ga an rubuta 65 PSI a matsayin iskar cikakken lodi. Da safe ake awo, taya tana da sanyi, kuma da geji, ba da dukan ƙafa ko na sifana ba. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon wili, a tsaya a sake ɗaure notuna, a kuma kai hannu kusa da tsakiyar wili a ji ko ya yi zafin da ya wuce kima. Wayar hannu mai nuna taswira tana faɗin gudun mota na gaskiya. Yaron mota ya riƙe ta a gwada da maleji, direba ya san yawan ƙaryar da allurarsa ke yi masa.

Daga ƙarshe, wanda ke da kuɗin wili huɗu da manyan tayoyi biyar a hannu, ya dace ya zauna ya yi lissafi tukuna. Kuɗin nan zai iya sayen sababbin tayoyi masu harafin C daidai girman motar, ya sauya ledar birki da man birki, wataƙila har da shokozoba da boris. Motar ba za ta yi kwarjini a tasha ba, amma za ta tashi da kayanta, ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Kwandunan da ke bayanta amanar mutane ce, yaron da ke zaune a kansu ɗan wani ne, shi kansa direban akwai masu duban hanyarsa a Kano ko Sakkwato ko Katsina. Kada garin neman gira a rasa ido. Allah ya kiyaye hanya.